Motar aiki ta hannu: cikin ukun nan wacce zan saya?

Kafinta_Mai_Kabad ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san mota, don ni abin da na sani katako ne.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aikin kafinta, yawanci kabad na kicin da sif na ɗakin kwana. A shago muke yankawa mu haɗa, sannan mu kai gidan mai aiki mu kafa. Duk tsawon shekarun nan motar haya nake ɗauka, kuma abin ya ishe ni. Makon jiya mun yi da direba zai zo ƙarfe takwas, sai sha ɗaya saura ya iso, ga yara biyu zaune ina biyan su kuɗin yini. Da ya zo kuma ya ɗaure ƙofofin kabad da igiya tsirara, ba kwali ba tsumma, igiyar ta cinye gefen guda huɗu. Sai da na mayar da su shago na sake musu feshi. Ranar na ce ko ta halin ƙaƙa sai na mallaki tawa.

Sabuwa dai ta fi ƙarfina, ta hannu nake nema. Na yi wata biyu ina zagaye, yanzu guda uku suka rage a idona.

Ta farko Toyota HiAce ce ƙirar 2012, mai rufaffen baya, injin fetur 2.7, giyar hannu. Mita ta nuna kilomita 260,000. Mai ita ya ce tun tana sabuwa a hannunsa take, kayan lantarki yake rarrabawa da ita. Ba ta da kyan gani ko kaɗan: ƙofar gefe ta loɓa, kujerar direba ta yage har soso ya leƙo.

Ta biyu Ford Transit ce ta 2013, dizal 2.2, mai jan gaba, tana wurin wani dillali. Fara sol, sai sheƙi take, injin kamar ka lashe, mita kuma kilomita 140,000 kacal. Ita ce ma ta fi sauƙin kuɗi, ko da yake ukun ba su yi wa juna nisa ba.

Ta uku Mercedes Sprinter 313 CDI ce ta 2011, doguwa mai tsayin rufi, na shiga na miƙe tsaye a cikinta ban sunkuya ba. Kilomita 310,000. In don ta raina ne ita zan ɗauka, don kabad ɗin kicin guda sukutum zai shige a sahu ɗaya.

Ga yadda aikin yake. Falankin MDF da filawud nake ɗauka, mai tsawon santimita 244 da faɗin 122, wani lokaci goma, wani lokaci sha biyar. Sai kabad da aka gama, da akwatunan kayan aiki, da ni da yara biyu. Tafiyata duk ta cikin gari ce, kilomita 5 zuwa 12 tsakanin shago da wurin aiki, ga cunkoso, ga tsaye-tsaye. Babbar hanya sai a yi wata ban hau ta ba.

To wacce za ta riƙe ni shekara biyar ba tare da na koma ɗan gidan gareji ba? Kuma in na koma dubawa, me zan duba? Ni dai in na buɗe inji, ƙarafa kawai nake gani.

Tsohon_Bakanike ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Kafinta. Ka kyauta da ka faɗi nisan tafiyarka, don mutane kan zo mini da sunan mota da shekararta, su manta da aikin da za ta yi. Amsarka rabinta tana cikin wannan kilomita 5 zuwa 12 ɗin.

Transit ɗin da Sprinter ɗin duk dizal ne na zamanin dokar hayaƙi ta Turai da ake kira Euro 5. In ƙirar kasuwar Turai ce, kusan tabbas akwai matatar hayaƙi a jikin salansarsu, wadda muke ce wa DPF. Aikinta ta tare baƙin hayaƙi kada ya fita waje. In ta fara cika, kwamfutar motar sai ta ƙara gas don zafin salansa ya kai wajen digiri 600, ta ƙone abin da ya taru. Wannan ƙonawar tana son inji ya ɗau zafi sosai, mota kuma ta samu tafiya miƙaƙƙa ta minti ashirin ko fiye. Kai kuwa kafin injin ya gama ɗumi ka iso ka kashe. Gobe ta sake farawa, ka sake kashewa. Ana haka matatar za ta toshe, fitila ta kama a dashbod, motar ta rage ƙarfi ta koma tafiyar kunkuru. Abin da ya fi wannan muni, gas ɗin da ake ƙarawa don ƙonawar wani yana zurarewa ta gefen fistin ya gauraya da baƙin mai. Sai ka zaro sandar awon mai ka ga ya ƙaru maimakon ya ragu, ka ɗauka albarka ce, alhali man ne ya tsinke. Haka bawul ɗin EGR, mai mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji, shi ma gajeriyar tafiya cika shi take da baƙin danƙo. In kuma gas ɗin inda kake yana da yawan sinadarin sulfa, abin ya ƙara sauri.

Wani zai ce maka a cire matatar a huta. A ƙasashe da yawa laifi ne, motar ba za ta ci gwajin hayaƙi ba, kuma na sha karɓar motocin da aka cire musu aka bar kwamfuta tana neman abin da babu.

Ba wai motocin ba su da kyau ba ne, kada a juya mini magana. Transit tun 1965 ake yin ta, Sprinter tun 1995, ba don banza suka daɗe ba. Ga mai cin dogon zango kullum, dizal ɗin nan dokin aiki ne. Kai ne aikinka bai dace da su ba. Injin 2.7 na HiAce ɗin kuwa, 2TR-FE ke nan, ba tobo, ba DPF, ba nozul mai tsananin matsi. Ya fi shan mai, wannan ba a musu, amma kashe-kunna ba ta dame shi ba.

Duk da haka kada ka biya ko sisi sai ka duba, kuma ka tafi da bakaniken da kai za ka biya, ba wanda mai mota ya kawo ba.

Ka ce a bar maka ita a sanyaye, ka je da sassafe. Kafin a murza makulli ka ɗora hannu a kan inji. In ka ji ɗumi, an riga ka, ka tambayi dalili. Yawancin cututtukan inji a tashin farko suke magana: daɗewa kafin ya kama, ƙarar sarƙa ta 'yan daƙiƙoƙi, girgiza, hayaƙi. Duk ukun da ka lissafa sarƙar taimin gare su, ba bel ba, saboda haka kunnenka ya tsaya kan ƙara irin ta an ja sarƙa a kan ƙarfe. Na faɗi haka ne don in ka sauya ra'ayi ka koma HiAce mai dizal 2KD, ita bel gare ta, ana canja shi a kilomita 150,000. Transit ɗin da suka fito daga 2016 da injin EcoBlue 2.0 kuwa bel ɗinsu cikin mai yake wanka, yana son ainihin man da aka rubuta masa da canji a kan kari. A irin waɗannan, in babu rasit ɗin canjin bel, ka ɗauka ba a canja ba.

Sa yaronka ya tsaya a baya ya kalli salansa. Shuɗin hayaƙi, inji yana cin baƙin mai. Baƙi, gas ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Fari mai kauri da bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi, ko dai ruwa yana shiga inda ba wurinsa ba, ko nozul ba ya feshi daidai. Inji na aiki, ka kwance murfin zuba mai ka ɗora shi sako-sako a bakin. In ya ɗan yi rawa ya zauna, lafiya. In iska tana ture shi tana busa hayaƙi kamar tukunya, ringi sun gaji. Ka juya murfin ka duba ƙarƙashinsa, ka kuma leƙa tankin ruwa tun inji na sanyi: kumfa mai tasowa ba tsayawa, ko mai yana yawo a saman ruwa, alamar gaskit ne. A dizal ɗin ka duba gindin nozul-nozul, in ka ga baƙin abu ya daskare kamar kwalta, wanshar tagullar da ke ƙarƙashinsu tana yoyo.

Maganar injin da ka ce kamar a lashe, ni ita ce ta tsaya mini. Motar aiki mai shekara fiye da goma, injinta ya kamata ya yi ƙura busasshiya. Ƙura ce take nuna maka inda mai yake tsiyaya. Akwai wani abokin cinikina da ya taɓa kawo mini wata farar mota da ya saya don injinta ya burge shi da tsabta. Kwana tara ta yi a hannunsa, mai ya fito ta bayan inji ya jiƙa kuloci, sai da muka sauke giya. Ba kowane mai wanke inji ne yake ɓoye wani abu ba, amma in an wanke, ka yi tafiya mai nisa da ita ka dawo ka haska tocila.

Sannan ka kwanta ƙarƙashinta, ko a ɗaga maka. Inji ana sake shi, giya ana sake ta, amma shasin da tsatsa ta cinye ya gama yawo. Ka tafi da sukundireba ka riƙa dannawa a dogayen ƙarafan shasi, da inda sifirin na baya ya kama, da matakalar ƙofa, da ƙasan ƙofofin baya. Motar da ta yi zama a ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, ko a bakin teku, nan take fara ruɓewa. In ka ga sabon baƙin fenti mai kauri a ƙasa, a nan za ka fi dannawa. Ka kalli sifirin: in ya miƙe sak babu lanƙwasa alhali ba kaya, ko robar da ke tare aksil ta goge tana ƙyalli, motar ta sha lodin da ya fi ƙarfinta.

Mita kuma ba a rantsuwa da ita. Robar feda, da santsin sitiyari, da gefen kujerar da ake zamewa a sauka, su ne mitar gaskiya. Kujerar HiAce ɗin da ta yage ta yi daidai da 260,000, ban ga abin tsoro a nan ba. Ta Transit ɗin fa, yaya take? Ka duba 'yan takardun da masu juyen mai suke mannawa a jikin ƙofa ko ƙarƙashin bonet. Bakanikenka ya jona na'ura a soket ɗin OBD mai baki 16 da ke ƙasan sitiyari. Ba laifuffuka kaɗai zai karanta ba, ya duba ko kwanan nan aka goge su.

A kan hanya, ka sa giya ta huɗu a ƙaramin gudu ka take totur har ƙasa. In ƙarar inji ta hau mota ba ta ƙara gudu ba, kuloci ya ƙare. Ka kashe rediyo. Kukan da yake tashi daga baya yana bin gudu, aksil ne ko boris. Aƙalla rabin awa, har fanka ta kama ta saki, idonka a kan allurar zafi.

Direban_Dare ya amsa:

Baba ya gama magana, amma ni a taƙaice: ka sayi Hayis ka kwanta ka yi barci. Tun 1967 ake yin motar nan, ƙirar da kake magana a kai kuma ta fito tun 2004, ba bakaniken da bai san cikinta ba. Shekara shida na yi ina tuƙa irinta, ban da juye da birki da taya ba abin da na sani. Sprinter kuma ina za ka kai ta? Ta kusa mita 7, Hayis ɗin ba ta kai 5 ba. Kai da kake shiga unguwanni kana neman wurin tsayawa a ƙofar gidan mutane, ranar da za ka yi ribas da ita a lungu za ka tuna da ni.

Mai_Wankin_Otal ta amsa:

Sannu Malam Kafinta. Ni ba bakanikiya ba ce, mai biyan kanikawa ce, don haka ta ɓangaren aljihu zan yi magana. Ina da motoci uku da suke kwaso zannuwan gado da tawul daga otal-otal su kai wurin wanki su dawo da su, duka kuma na hannu na saya.

Abin da ban ji kowa ya taɓo ba shi ne nauyi. Girman ciki daban, abin da mota za ta iya ɗauka daban. A jikin kowace mota akwai ɗan faranti ko takarda, galibi a ginshiƙin ƙofa ko kusa da kujera, mai lambar shasi da wasu lambobi a jere. A ƙirar Turai ta farko ita ce iyakar nauyin mota da duk abin da ke cikinta, ta biyu har da tirela, sauran biyun na aksil ɗin gaba da na baya. Sprinter ɗinka, 3 ɗin farko na 313 yana nufin ajin tan uku da rabi, wato kilo 3,500, 13 ɗin kuma ƙarfin doki wajen 130. To doguwa da gajeriya duk 3,500 ɗin ne iyakarsu, ka ga ke nan duk ƙarfen da aka ƙara wajen tsawo da rufi daga cikin kayanka aka cire shi. Na yi mamaki ranar da na gane cewa babbar motata ba ta fi matsakaiciyar ɗaukar nauyi ba, iska kawai ta fi ta ɗauka.

Ka yi lissafinka. Falankin MDF mai kaurin milimita 18 ya kusa kilo 40, sha biyar ke nan kilo 600. Ku uku a gaba kun haura 200. Ga akwatunan aiki, ga mai a tanki. Ka kai wajen 900 ba ka sa kabad ko ɗaya ba. In akwai sikelin manyan motoci kusa da kai, ka auna motar ba kaya, ka cire daga lambar farantin, abin da ya rage shi ne naka.

Sai taya. Motar farko da na saya, tayoyin ƙaramar mota aka sa mata a baya, ni kuma ban sani ba, na ga dai baƙaƙe ne masu zane. Ɗaya ta fashe da lodin jiƙaƙƙun tawul, Allah ya tsare direban. Tayar motar kaya tana da harafin C bayan lambar girmanta, kamar 195R15C, da lambobi biyu na nauyi kamar 106/104. Wannan 106 ɗin kilo 950 ke nan kowace taya. Akwai kuma lambobi huɗu a ƙarshen layin rubutun jikin taya da ya fara da DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Taya huɗu sababbi ba ƙaramin kuɗi ba ne, in sun tsufa ka sa su cikin ciniki.

Game da fetur, ban ƙi ta Baba ba, amma ni duka nawa dizal ne kuma ban yi nadama ba, don kowace tana cin fiye da kilomita 150 a yini, rabi a babbar hanya. Kai in na ƙiyasta, ba za ka wuce 8,000 zuwa 10,000 a shekara ba. A wannan tafiyar, rarar man da dizal zai ba ka ba za ta biya gyaran nozul ko tobo sau ɗaya ba.

Abu biyu da na koya da kuɗina. Kafin ka saya, ka je wurin masu kayan gyara na inda kake, ka tambayi kuloci, da famfon ruwa, da fitilar baya, da madubin gefe na wannan ƙirar. In sun miƙo maka daga kanta, madalla. In sun ce sai an yi oda, ka yi tunani. Na taɓa sayen wata don ta yi araha, ta yi mako biyar a gareji tana jiran wani ɗan ƙarfe da bai fi tafin hannuna ba, ina biyan direba, ina kuma biyan motar haya. Na biyu, kada ka zuba duk abin da ka tara a kan sayen. Ni kashi ɗaya cikin biyar nake ajiyewa gefe, kuma bai taɓa kwana uku a ajiye ba.

Takardu ma ka zauna ka karanta. Lambar shasi galibi harafi da lamba 17 ce, ta jikin mota da ta takarda su zo ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, ba kallon farko da ƙarshe ba. Sunan da ke takarda ya zama na wanda yake karɓar kuɗinka, ka kuma tabbatar ba bashin banki a kanta.

Tsohon_Bakanike ya amsa:

Hajiya ta cike inda na bari, musamman zancen taya.

Direban_Dare, ɗana, ban ƙi taka ba, amma suna ba ya yi wa mota juye. Na ga Hayis ɗin da aka kashe da ruwan rijiya a lagireto da man da ya shekara ba a sauke ba, na kuma ga Transit da ta haura kilomita 400,000 don mai ita ba ya wasa da lokacin sabis. Ga kuma abin da masoyanta ba sa son a faɗa: a wannan ƙirar direba a kan tayar gaba yake zaune, inji a ƙarƙashin kujera, ƙarfen da ke tsakanin gwiwarsa da abin da zai daka kaɗan ne. Ƙirar 2019 ai da dogon hanci ta fito, inji ya koma gaba.

Wannan ya kawo ni kan abin da na manta, Malam Kafinta. Duk wadda ka saya, in babu shingen ƙarfe tsakaninku da kaya, ka sa a yi maka kafin ka ɗauki falanki ko ɗaya. Falanki sha biyar masu santsi, ka taka birki da ƙarfi, kai ka fi ni sanin inda za su nufa. Ka kuma tafi da tef ɗinka, ka auna tsakanin tudun tayoyin baya a cikin motar. Nan ne 122 ɗinka zai shiga ko ya ƙi.

Kafinta_Mai_Kabad ya amsa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi shiru kwana goma ne don ina bin abin da kuka ce, ga yadda ta kaya.

Transit na fara zuwa. Na gaya wa dillalin tun dare kada a tayar da ita, da na iso bakwai da rabi na ɗora hannu, inji da ɗumi. Ya ce wai yaro ne ya matsar da ita don shara. Na yi shiru. Robar kuloci ta cinye har ƙarfe ya fito ta gefe guda. Bakaniken da na tafi da shi ya ɗaga robar bakin ƙofar direba, sai ga 'yar takardar juye da aka manta ba a ɓare ba, an rubuta da biro: juye na gaba a 205,000. Na nuna wa dillalin, ya ce ƙila ta wata motar ce aka manna bisa kuskure. Da aka jona na'ura kuma, ba a yi kilomita 30 da goge laifuffuka ba. Motar kanta ta yi tafiya lafiya, ban ji komai ba, kuma falankina zai kwanta a cikinta har da rara. Amma wanda ya yi mini ƙarya a mita, ban san inda ya tsaya ba. Na yi masa sallama.

Sprinter ɗin, Baba, ba mu same ta da laifi ba. Mai ita har fayil ɗin rasit ya fito mana da shi. Na roƙe shi muka je da ita shagona, sai da na yi gaba da baya sau huɗu kafin ta shiga layinmu, kuma da ta tsaya ta toshe ƙofar maƙwabcina. Direban_Dare, na tuna da kai tun ban saya ba. Da wannan da zancen DPF, na haƙura, amma sai da na waiwaye ta sau biyu.

HiAce ɗin na saya. Murzawa ɗaya ta tashi a sanyaye, ba hayaƙi, murfin mai ya zauna abinsa. Injin ya yi ƙura, busasshiya irin wadda aka ce. Mai ita yana da wani tsohon littafi a aljihun dashbod, duk juyen da ya yi da kwanan wata da lambar mita, shafi ya kai ashirin, rubutun ma biro kala-kala. Shasi ya ɗauki sukundireba bai ce komai ba. Abin da muka samu: tayoyin baya biyu ba masu C ba ne, Hajiya, kamar kin gani. Shakazoba na baya sun gaji, ƙofar gefe kuma tana ciza saboda loɓawar. Na lissafa masa su, ya rage mini, ban ma ja da yawa ba. Na canja tayoyin da shakazoba, an sauke duk mai da ruwa an zuba sabo, mai walda kuma yana kan shingen.

Inda ta ba ni kunya shi ne awon. Tsawo ya isa har da saura, amma tsakanin tudun tayoyin bai kai 122 ba, falanki ba zai kwanta a ƙasa ba. Na tsaya ina kallon wurin, sai na tuna ai sana'ata ke nan. Zan yi dandamali daidai tsayin tudun, falanki ya hau sama ya kwanta, a ƙasa kuma in sa dogayen durowa biyu masu jawowa ta baya don kayan aiki. Na riga na zana. Filawud mai milimita 18 nake tunani, ko kuna ganin 15 zai ɗauka?

Tsohon_Bakanike ya amsa:

Allah ya sa alheri, ya tsare hanya. Kauri kai za ka gaya mana, mu namu ƙarfe ne. Ni dai ka auna dandamalin da durowoyin in ka gama, ka cire nauyinsu daga lissafin da Hajiya ta yi maka. Ka ɗaure shi da ƙusa mai noti a jikin ƙasan motar, amma ka leƙa ƙarƙashi kafin ka huda, tankin mai da bututun birki suna nan. Kada kuma ka rufe zobban ɗaure kaya da wurin da ake kwance safaya. In ta yi kilomita 1,000 a hannunka, ka zaro sandar mai ka zo ka gaya mini inda ya tsaya.